Idanun Motar Baba

Maradi,
cikin hunturu.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma harkokin Abijan suna tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da hazo. Bana hazon ya yi nauyi, da safe in ka tsaya bakin gulbi da kyar kake hango itatuwan wancan ƙetaren. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hanyar gida ce ta ɓace maka.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har sau biyu. Ka ce in daina wahalar da kaina, in tuge fitilun Pijo 504 ɗin Baba gaba ɗaya in sa fararen nan na LED da kowa ke sawa, tunda ido ba abin wasa ba ne. Na san don ƙauna ka faɗa. Amma amsar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

Abin da ban gaya maka ba shi ne na riga na gwada shawarar taka tun kafin ka ba ni ita. Bayan girbi, wani dare ina dawowa daga ta'aziyya a Tibiri, saura ƙiris in hau wata amalanke da aka yi wa lodin kara. Ba fitila, ba ko ƙyalle a bayanta, jakin ma launin hanya. Ban gan ta ba sai da ta cika mini gilashi. Allah Ya tsare, birki ya kama, yaron da ke kai ya diro yana salati, ni ma ina yi. Na zauna bakin hanya har gwiwoyina suka daina rawa. Washegari ko karyawa ban yi ba na kai motar wurin wani matashi mai gyaran wutar mota, na ce ya sa mini abin da ya fi kowane haske. Cikin rabin awa ya zare tsofaffin ƙwayayen ya cusa na LED masu ƴar fanka a ƙeya.

Kai, da ka ga motar a daren nan! Ka tuna yadda muke gane Baba tun daga kan kwanar unguwa, saboda rawayan idanun nan biyu, mu watse daga wasan langa kowa ya kama littafi? To, sai ga ta da wani farin haske mai ratsin shuɗi, kamar dattijo ya naɗa rawani ya kuma ɗora gilashin ƴan kwalisa. Wannan ma da sauƙi. Da na hau titi, duk motar da ta tunkaro sai ta watsa mini wuta, ƴan kabu-kabu suna kare fuska da hannu suna aiko mini da abin da ba zan rubuta ba. Ni kuma ina ganin rassan bedi tas, ina ganin saman katanga, amma kwaltar da ke gabana dishi-dishi. Da hazo ya sauko kuwa, hasken ya tsaya mini a gaba kamar an rataya farin zane. Gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Kwana huɗu na yi da su. Ranar ta biyar na nemi dattijon nan da ke yi wa Baba aiki tun muna lakwal, wanda ke bayan tasha. Yana nan, sai dai gemu ya yi fari fat, kuma yanzu yawanci zaune yake yana nuna wa yara da baki. Da ya ga motar sai ya miƙe, ya zagaye ta, ya shafa kapo, ya yi wa Baba addu'a. Sannan ya leƙa fitilar ya ce, "Ɗana, wa ya yi mata wannan aika-aika?"

Shi ya fahimtar da ni abin da zan so kai ma ka gane. Kaskon nan mai ƙyalli da ke cikin fitila, da zanen da ke jikin gilashin, duk an auna su ne da wuri guda, wato inda siririn zaren ƙwan yake ci. Zaren kod kuma, wato na hasken kusa, yana da ƴar garkuwa a ƙarƙashinsa, ita ke yanke hasken kada ya tashi sama ya shiga idon mai zuwa. In ka kawo ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wuri dabam, ko da tazarar ba ta fi kaurin ƙwayar gero biyu ba, kaskon zai watsa shi inda ba a aike shi ba. Hasken LED ɗin da yawa, ban musa ba, amma a motar da aka ƙera fitilarta dominsa yake da amfani.

Daga nan ya sa aka mayar da tsofaffin ƙwayayen (Allah Ya sa ban yar ba), ya ce in tada injin in kunna wuta. Ya ɗora na'urar awon ƙarfin wuta a kan batir: volt 13.8. Ya kai ta bayan ƙwan: 11.2. Ya miƙo mini na gani da idona, ya ce, "Ga ɓarawonka nan." Ashe wutar tana tasowa daga batir, ta bi siririyar waya ta shiga cikin mota har komodo, sandan nan na gefen sitiyari, ta ratsa bakin ƙarfen da ya shekara fiye da arba'in yana cin ƙura, sannan ta sake dawowa gaba. Kowace mahaɗa sai ta ci nata kason. Wayar mas kuma, wadda ke komawa jikin mota, tsatsa ta cinye mazauninta. Shi ƙwan mai zare ba ya yafe irin wannan: in wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske yakan ragu da wajen kashi 30. Da lissafin abin da muka auna, kusan rabin hasken motar a hanya yake zubewa. Shekara da shekaru ina zargin idanuna, har na fara tunanin zuwa a auna mini tabarau.

Maganin bai kai girman akwatin ashana biyu ba. Rele ake ce masa, wani ɗan makunni da wuta ke kunnawa, ɗaya na kod, ɗaya na far, wato hasken nesa. Aka jawo waya mai kauri, ta milimita 2.5, kai tsaye daga batir, aka sa mata fuzibil, mai katse wuta in ta yi yawa, dab da kan batir ɗin, ta shiga rele ta fita zuwa fitila. Tsohuwar wayar komodo ba a yanke ta ba, aikinta kawai ya canza. Da ita ke ɗaukar kayan duka, wajen amfiya bakwai zuwa takwas, yanzu sai dai ta taɓa rele ta ce masa buɗe. Aka kankare mazaunin mas har ƙarfe ya fito fari, aka ɗaure, aka shafa giris. Dattijo ya sa aka naɗe sababbin wayoyin da baƙin tef aka bi da su ta hanyar tsofaffin, rele ɗin kuma aka ɓoye su bayan batir. In ka ɗaga kapo ba za ka ce an taɓa komai ba. Da aka sake awo, 13.4 ta isa ƙwan. Da tsohon ƙwan nan dai, wanda na raina, bangon garejin ya haskaka har yaran suka yi shewa.

Sai maganar ƙwan kansa. Namu irin na da ne, R2, mai wat 45 a far da 40 a kod, mai faffadan gindi zagayayye. Wanda ya gaje shi, H4 na halojin, tun farkon shekarun 1970 ya fito, wat 60 da 55, kuma haskensa a far ya kusa ninka na R2. Matsalar ita ce gindin H4 mai kunnuwa uku ne, ba ya zama a kaskonmu. Na ga masu lanƙwasa kunnuwan da filaya su cusa da ƙarfi, ƙwan ya zauna a karkace. Ba sai an yi haka ba. Akwai halojin 60/55 da ake ƙerawa da gindin R2, lambar gindin P45t, yana zama daram, soket ɗin ma ba a canzawa. Shi muka sa. Mai shagon ya so ya tura mini na wat 100, wai shi direbobin dare ke saye. Dattijo ya ce in ina son kaskona ya ƙone ya yi baƙi kafin damina, in saya. Ya kuma doke hannun yaronsa da ya kai yatsa zai kama gilashin ƙwan, don maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima, ƙwan ya mutu da wuri.

Kaskon dama lafiyarsa ƙalau, ƙura ce kawai. Nan ma na koyi abu. Ba a sa tsumma a ciki, ko auduga, don ƙyallin nan bai kai kaurin fatar albasa ba, shafa ɗaya ya tafi. Ruwan batir muka zuba, tatacce wanda ba asid, da ɗigon sabulu, aka girgiza, aka ɗauraye sau uku, aka kife a rana. Na hagu kam ruwan damina ya daɗe yana shiga, ƙasansa ya yi tsatsa, dole a nemi wani.

Neman nan ya ci mini mako biyu, kuma shi na fi jin daɗi. Sababbi suna nan a kasuwa, amma gilashin sirara ne, zanen jikinsu kamar an kwaikwaya da ka. Ni kuwa na kamfanin Cibié nake so, irin na dama, mai tambarin E2 na Faransa. Na bi duk inda aka ce akwai gawar 504. Ka san ba su da wuyar samu a nan, motar da aka fara ƙerawa a 1968, aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ta yi shekaru tana jigilar Maradi da Katsina da Kano. Amma yawancinsu fitilun ne suke fara mutuwa. Na samo wata mai kyan gaske, na kawo ina murna, dattijo ya juya ta ya nuna mini wata ƴar kibiya mai kai ɗaya a jikin gilashin. Ta ƙasashen da ake tuƙi ta hagu ce. Hasken kod ɗinta yana ɗagawa ta hagu, wato daidai idon mai tunkaro ni, maimakon ta dama inda masu tafiya a ƙasa da dabbobi suke. Yadda ta iso Maradi, Allah masani, ko da yake Najeriya ma sai a 1972 ta koma tuƙin dama. Na mayar. A ƙarshe a bayan gidan wani tsohon direba na samu, motar ta zama ɗakin kaji, amma idonta na hagu garau. Da na gaya masa ta mahaifina ce nake gyarawa, da ƙyar ya karɓi kuɗin goro.

Rawayan launin fa? Na san za ka tambaya, kai da kake cewa motar Baba shawara take yi. Ni da ina zaton ado ne. Ashe doka ce a Faransa, tun 1936 har zuwa 1993, kowace motar ƙasar sai da rawayar fitila, kuma ka san Baba a hannun wani malamin lakwal Bafaranshe ya saye ta lokacin da zai koma gida. Launin ba a gilashin fitilar yake ba, a jikin ƙwan yake. Na sa farare na kwana biyu, sun fi haske kaɗan, gaskiya, don launin yana cin wani abu. Amma da na tsaya daga nesa na dube ta sai na ji kamar motar wani ce. Na koma na nemo masu rawayan rufi. A cikin hazo kuma idona ya fi hutawa da su, wannan ni na ji a jikina, ba wani ya gaya mini ba.

Aikin ƙarshe da dare muka yi shi, a jikin katangar makarantar allon unguwarmu, inda ƙasa ta daidaita. Aka cika tayu da iska, na zauna a mazaunin direba, aka ja motar baya mita 10. Dattijo ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa ya ja layi da gawayi a bango, ya sake jan wani santimita 10 a ƙarƙashinsa. Ya rufe ido ɗaya da buhu yana murɗa sukurorin ɗayan, har bakin hasken kod ya kwanta kan layin ƙasa, gefen dama ya ɗan ɗaga kamar gira. Almajirai suka bar wutar karatunsu suka kewaye mu, har malam ya fito da carbi a hannu yana ba da shawara.

Daren Juma'ar da ta wuce na ɗauki Inna muka je Madarunfa muka dawo. Ba wanda ya watsa mini wuta ko sau ɗaya. Garken awaki na hango su tun suna gangarowa daga gona, na rage gudu a natse. Da muka iso gida na bar fitilun a kunne ina buɗe ƙofar gareji, sai na ga Inna ta tsaya a gaban motar ta yi shiru. Can ta ce haka yake haska zauren nan in ya dawo daga Kano. Ta shige ciki, ni ma ban ce komai ba.

Yanzu ga aiken da zan ɗora maka, tunda kai ka tsokano zancen. Rawayan ƙwayayen nan guda biyu kaɗai na samu, in ɗaya ya mutu na shiga uku. Ka duba mini wurin masu kayan tsofaffin Pijo a can: halojin 12V, 60/55, gindi P45t, rawaya. Ka karanta lambar da idonka a jikin gindin, kada ka yarda da ta kwali. Guda huɗu sun isa. In ka ga robar da ke rufe bayan fitila, ita ma ka haɗo da biyu. Kada ka ba direban bas, za su farfashe, ka riƙe su sai ka zo da kanka da Sallah, in je in tarbe ka a tasha da ita. Ka yi ƙoƙari motarku ta iso da dare.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Takwarana ka ce masa ina nan ina ajiye masa ƙuli-ƙuli.

Wassalam,
naka amini.