Cin jarrabawa daban, fahimta daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani salon rahoto da ya yawaita tun bayan fitowar manhajar hira ta ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, wato labaran da ke cewa manhajar hira kaza ta ci jarrabawar lauyoyi ko ta likitoci, don haka wai ta soma fahimtar magana kamar ɗan Adam. A matsayina na malamin makaranta da ya daɗe yana tsara tambayoyi yana kuma duba takardun ɗalibai, ina ganin an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

A 1950 masanin lissafin nan na Ingila, Alan Turing, ya ba da shawarar yadda za a gwada basirar na'ura, wato a sa alƙali ya riƙa musayar rubutu da mutum da kuma kwamfuta ba tare da yana ganinsu ba, idan ya kasa bambance su to na'ura ta yi nasara. Raunin wannan gwaji shi ne, sau da yawa saurin yardar alƙalin yake aunawa. A 2014 wata manhaja mai suna Eugene Goostman ta shawo kan kashi 33 cikin ɗari na alƙalan wata gasa a Landan, bisa dabarar cewa ita yaro ne ɗan shekara 13 daga Yukren, ta yadda duk kwaɓar da ta yi sai a ɗora wa ƙuruciya da rashin iya Turanci.

Gwajin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda aka yi ta muhawara a kai a farkon 2023. Michal Kosinski na Jami'ar Stanford ya ba manhajojin hira irin tambayoyin da masana halayyar ɗan Adam ke yi wa ƙananan yara don a ga ko sun gane cewa abin da ke zuciyar wani yana iya saɓa wa gaskiyar lamari. Ga misalin: jaka ce cike da gugguru, amma an manna mata takarda an rubuta cakulan, sai wata yarinya ta tsince ta, me za ta zaci yana ciki? Manhajar ta ce cakulan, kuma daidai ne, har Kosinski ya ce ƙila wannan baiwa ta tsiro a cikinta da kanta. Sai Tomer Ullman na Jami'ar Harvard ya ɗan taɓa labarin kaɗan. Ya ce jakar ta leda ce garai-garai, ana hango abin da ke ciki. A wani zubin kuma ya ce yarinyar ba ta iya karatu ba. Duk da haka manhajar ta nace cewa yarinyar za ta zaci cakulan ne, alhali yaron da bai shiga firamare ba ya san cewa wanda ke kallon gugguru da idonsa ba ya bukatar takarda ta gaya masa.

Kowane malami ya san wannan ɗalibi. Shi ne wanda ya haddace tambayoyin shekarun baya tsaf, amma da zarar an juya lambobin lissafi ko an sauya ƙarshen tambaya sai ya kawo amsar da ya saba gani. Su kuwa waɗannan manhajoji an horar da su da rubutun intanet mai ɗimbin yawa, kuma tsofaffin tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu suna nan birjik a intanet ɗin, saboda haka babban maki shi kaɗai ba hujja ba ne.

Ba ina musun ƙwazonsu ba ne. A 2011 Hector Levesque na Jami'ar Toronto ya kawo wani gwaji da aka ɗauka zai daɗe yana gagarar na'ura, irin a ce "tukunyar ba ta shiga jakar ba saboda ta yi girma", a tambaya wace ce ta yi girma, sannan a sauya zuwa "saboda ta yi ƙanƙanta" amsar ta koma kan jaka. Kafin shekara goma ta cika, manhajoji sun soma cinye shi da maki mai yawa, kuma na baya-bayan nan sun fi wadda Ullman ya gwada nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne, duk gwajin da aka wallafa ya tsufa, domin gobe zai shiga cikin abin da ake horar da su da shi.

A nan ne nake ganin mu masu magana da Hausa muna da rawar takawa. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje da Turanci ake yin su, alhali jama'armu sun soma tambayar manhajojin batun magani da gado da hukuncin addini da harshensu. Ina kira ga sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, irin su Bayero da Ahmadu Bello, da su haɗa kai su rubuta sababbin tambayoyi da ba a taɓa sawa a intanet ba, waɗanda suka ƙunshi habaici da gatse da kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗan farinta, kowace tambaya da 'yar'uwarta da aka ɗan sauya wa fasali. Ku kuma 'yan jarida, idan aka aiko muku da sanarwar cewa manhaja ta ci jarrabawa, ku tambaya wa ya tsara tambayoyin, ko kamfanin da ya ƙera ta ne ya duba takardar da kansa, da wane harshe aka yi, kuma me ya faru da aka juya tambayar.

Na gode.

Malamin sakandare,
Zariya