Zuwa Ga Aminina a Fatakwal

Kano, daren Lahadi.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya kasuwa, ya kuma ruwan saman garin naku da ba ya ɗaukewa? Saƙonninka uku duk sun iso, har da wanda ka ce ko na zama babban mutum ne na daina amsa waya. Wallahi ba haka ba ne. Sau da yawa nakan ɗauki wayar in kira ka, sai in ji ba ni da ƙarfin yin magana da kowa, in ajiye. Abin da ke raina kuma ba na minti biyar ba ne, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na gaji, aminina. Ba irin gajiyar da muka sani ba lokacin koyarwar gwaji, wadda mutum zai sha fura ya kwanta ya tashi garau. Wannan ina kwana da ita, ina tashi da ita. Hutun ƙarshen zango ya zo ya wuce tana nan. Tun daga la'asar ɗin Lahadi gabana yake fara faɗuwa, kamar yanzu da nake rubuta maka.

Ka san aikin, amma bari in tuna maka, don shekara shida ana lissafin buhunan albasa tana iya mantar da mutum. Aji biyar nake koya wa lissafi, kowanne yana da yara fiye da 100. A takarda, manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Idan na ba da gwaji ɗaya, takarda 550 ke bi na gida. Ko minti uku na ba kowace, awa 27 ke nan da ɗoriya, ban da tsarin darasi, ban da rajista, ban da cike sakamako. Don haka na rage ba da aikin gida, kuma na san yaran nake cuta. Na bayan aji ba sa jin muryata sai na yi ihu, kafin ƙarfe 12 maƙogwarona ya dishe, ga ƙurar alli.

Batun kuɗi ba sai na ja ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye abin da a da nake cefane da shi. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa ya haura haka. Ka ji malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan albashin. Ni ana tashi daga makaranta nake wucewa gidaje biyu koyar da lesin, sai bayan isha'i nake shiga gida. Malamin kimiyyar da ya gaje ka A Daidaita Sahu yake ja da yamma, rannan har ya ɗauko ɗalibinsa, yaron ya rasa ko ya biya ko ya gaishe shi.

Duk wannan da shi kaɗai ne da ban rubuto ba, don talauci ba baƙonmu ba ne. Abin da ya tayar min da hankali wani abu ne da ya faru a zangon da ya wuce. Ina karɓar aiki a aji biyu, sai na zo kan wani yaro, littafinsa fayau, babu abin da ya rubuta na mako uku. Ban tambaye shi komai ba, na hau shi da faɗa a gaban 'yan aji, na kira shi malalaci, na ce ya fita ya durƙusa a rana. Ya fita bai ce uffan ba. Sai monita ya matso ya ce a hankali, “Malam, mahaifiyarsa ce ta rasu, jiya ya dawo.”

Mako uku yaro ba ya ajina ban sani ba. Ko sunansa ban sani ba, sai da na duba bangon littafin. Ka tuna yadda kuke tsokanata cewa ni ne rajista mai ƙafa, don kafin mako biyu na haddace sunan kowa har da unguwarsu? Yau “kai na baya” da “kai mai hula” nake kira. Na fita na tashe shi, na yi masa ta'aziyya, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Malam. Abin da ya fi ci min rai shi ne ko a lokacin da nake ba shi haƙurin, zuciyata shiru take, kamar wani nake kallo yana yi. Sai da na dawo gida na ga 'yata ta rugo ta rungume ni, na ture ta na ce ta bar ni in huta, sannan na zauna a bakin gado hawaye suka zo.

Uwargida ce ta matsa na je asibiti saboda ciwon kai da rashin barci. Aka auna, jinina ya hau. Likitan ya tambayi aikina, da na faɗa sai ya yi murmushi ya ce malamai da ma'aikatan jinya sun fi kowa zama a kujerar nan. Shi ya gaya min cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hali a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, kuma alamominsa uku ne: ƙarewar ƙarfi, sai mutum ya ji aikin da mutanen cikinsa sun fita daga ransa, sai kuma ya ga ba ya iya abin da a da yake iyawa. Yana lissafawa ina jin kamar ya leƙa ajina. Ya rubuta magani, ya ce in rage aiki in huta. Na ce to, likita, wanne zan rage, wanda ke biyan haya ko wanda ke sayen masara?

Na gwada yin maganar a ofishin malamai. Wani dattijo cikinmu ya ce, “Sai haƙuri, ladan malami sai a lahira.” Ina girmama shi, kuma ban musa ladan ba, Allah ya sa mu samu. Amma na lura wannan magana an mayar da ita murfi, duk wanda ya buɗe baki sai a rufe shi da ita. In ka ce ka gaji, a ce ba ka da godiya, wasu na neman aikin ba su samu ba. Alhali bayan an watse mutum uku suka same ni ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa shi ma haka yake ji. Ɗaya ta ce takan tsaya a ƙofar aji ta yi ta karanta addu'a kafin ƙafarta ta yarda ta shiga. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, amma mu kowa ya sa ƙwarya ya tare nasa a ɓoye.

Har dariya nake idan na tuna murnar da muka yi a 2022 da Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ni yanzu shekarata 14 a aji. In na lissafa 26 da suka rage sai in ji numfashina na ɗaukewa.

Game da tayin da ka yi min na in zo mu haɗa hannu a kasuwa, na gode, Allah ya bar zumunci. Ban ce a'a ba, ban kuma ce e ba. Na saki lesin ɗaya, duk da aljihu ya ji a jikinsa, ina dawowa gida kafin magariba kwana uku a mako. Na kuma koma kiran rajista da bakina maimakon in bar wa monita, yana cin minti goma na darasi, amma na kama sunaye kusan 60 a ajin yaron nan. Shi yanzu a gaba yake zama, kuma ashe yana da ƙwaƙwalwar lissafi. Ina so in ga ko abin da ya mutu a ƙirjina zai motsa kafin ƙarshen shekarar karatu. In bai motsa ba, gara in tafi da in zauna ina huce gajiyata a kan 'ya'yan mutane.

Ka gaya min gaskiya, kai da ka bari: barci ya dawo maka? Kuma ba ka kewar allo? Kada ka ba ni amsar 'yan kasuwa. Ka kuma faɗa min nawa ɗaki ɗaya yake a wajenku, don in san lissafina.

Uwargida na gaida uwargida. Ka shafa min kan yara.

Naka,
Rajista mai ƙafa.