Wasiƙar Godiya ga Sashen Tiyatar Ƙoda da Mafitsara

Zuwa ga Shugaban Sashe da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin iyalanmu nake rubuto wannan wasiƙa domin mu bayyana godiyarmu a bainar jama'a bisa yadda kuka kula da mahaifinmu, wanda aka yi wa aikin cire tsakuwar ƙoda a sashenku. Ƙwarewar hannunku abin yabo ce, amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne gaskiyar da kuka gaya mana tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Bayan an ɗauki hoton CT, babban likita ya zaunar da mu ya bayyana cewa tsakuwar ƙoda iri-iri ce, kuma akwai ma'aunin da ake auna wahalar kowace da shi, wato ma'aunin Guy's, wanda likitocin asibitin Guy's da ke Landan suka fitar a shekarar 2011. Ma'aunin yana da mataki huɗu. Na farko shi ne tsakuwa guda a tsakiya ko ƙasan ƙodar da halittarta take daidai, na huɗu kuwa shi ne wadda ta yi rassa kamar ƙahon barewa ta cika ƙodar, ko kowace irin tsakuwa a jikin mai lalurar laka. Ta mahaifinmu ta yi rassa amma ba ta cika ƙodar ba, saboda haka ta faɗa mataki na uku, inda binciken farko da likitocin Guy's suka yi ya nuna cewa kusan kashi 35 cikin ɗari na majinyata ne kawai ke rabuwa da tsakuwar baki ɗaya a aiki guda, alhali a mataki na farko adadin ya kai kashi 81.

Ba ƙaramin abu ba ne likita ya faɗa wa iyalin majinyaci irin wannan adadi, domin da yawa sun fi son su ce komai zai tafi daidai. Wannan bayani ne ya sa muka yi tanadin kuɗin aiki na biyu da wuri, muka kuma shirya zuciyar tsohonmu, ta yadda da aka huda ta bayansa aka farfasa tsakuwar aka fitar da mafi yawanta, sannan hoto ya nuna sauran ɓarɓashi, babu wanda ya zargi kowa da sakaci. An koma an kammala aikin, kuma yanzu yana samun sauƙi, alhamdulillahi.

Muna miƙa godiya ta musamman ga ma'aikatan jinya da masu ɗaukar hoto, tare da roƙon hukumar asibiti ta tabbatar kowane majinyaci yana samun irin wannan bayani da harshen da yake ji.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Babban ɗan majinyacin, a madadin iyali