Rahoton Ayyukan Shekara Daga Kwamitin Zartarwa Zuwa Ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, malamai, lauyoyinmu masu aikin sa kai, da sauran 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare, wato taimaka wa waɗanda 'yan sanda suka cutar. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi a babban taro. Wannan takarda ta aiki ce kawai.

Yawancin waɗanda suka kawo mana kuka a bana ba su ne 'yan sanda suka fito nema ba. Mai shayi ne da harsashi ya same shi a cinya ana bin wani ɗan acaɓa, ko yarinya mai talla da gwangwanin barkonon tsohuwa ya fasa wa goshi, ko magidancin da aka tafi da shi saboda ba a samu ƙaninsa a gida ba. Irin na ƙarshen nan su suka fi saurin warwarewa, domin doka ba ta bar wurin gardama ba: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, kuma sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka tsare gaban alƙali cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu na da nisa. Sau da yawa lauya na isa caji ofis da takardar a hannu, sai ka ji an ce dama yanzu za a sake shi.

Inda muka sha wuya shi ne maganar harbi.

Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta tilasta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Amma har yanzu ma'aikata da dama ba su san da ita ba, ko sun sani suna tsoro. Kwamitin lafiya ya zagaya asibitocin da ke kusa da mu, ya zauna da masu karɓar majinyata na dare, ya bar musu kwafin dokar da bayaninta da Hausa. A wani asibiti an liƙa ta a bangon ɗakin gaggawa. A wani kuma an karɓa da fara'a, da muka koma muka tarar da ita cikin aljihun tebur, an ɗora mata kwanon abinci.

Idan rai ya fita, matsalar ta fi haka nauyi. Musulmi ba ya son gawarsa ta kwana, kuma babu ɗayanmu da zai ce wa uwa ta bar ɗanta a mutuware. To amma idan aka sallaci mamaci aka kai shi makwancinsa babu rahoton likita, babu hoton raunin, babu wanda ya rubuta lambar mota ko sunan da ke ƙirjin jami'in, shari'ar ma an binne ta tare da shi. Mun zauna da limamai kan wannan, kuma muna godiya da yadda suka saurare mu. An yi matsaya cewa kafin wanka a samu likita ya duba, ya rubuta ta inda harsashi ya shiga da ta inda ya fita, ya sa hannu da kwanan wata. Wannan ba ya hana jana'iza a ranar.

Dalilin nacewarmu a kan takarda shi ne abin da aka gani a shari'o'in da suka kai ƙarshe. Lauyar nan da aka harbe a Ajah ta Legas ranar Kirsimetin 2022, kotu ta yanke wa ɗan sandan da ya harbe ta hukuncin kisa a watan Oktoban 2023, kuma cikin shaidun da aka gabatar har da cewa harsasan da ya mayar ma'ajiya ba su cika ba. Kowane ɗan sanda yana sa hannu a littafi idan ya karɓi bindiga, da adadin harsashi. Shi ya sa lauyoyinmu ke neman a adana wannan littafi tun a takardar ƙorafi ta farko. Shari'ar 'yan kasuwar Apo shida da aka kashe a Abuja a 2005 kuwa sai a 2017 aka yanke ta, 'yan sanda biyu aka samu da laifi. Duk mai shiga wannan hanya ya shiga da guzuri.

Sai batun sulhu, wanda shi ya fi raba kawunanmu. Kafin a yi sadakar uku an turo dattawa, an biya kuɗin magani ko an kawo buhun shinkafa, an ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Kwamiti bai hana kowa yafiya ba, haƙƙinsa ne. Abin da muka tsaya a kai shi ne kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar janye ƙorafi sai an karanta masa ita da Hausa a gaban wanda ya amince da shi. Ra'ayina a matsayin sakatare, ba na kwamiti ba: yafiyar da aka karɓa a ofishin wanda ake ƙara, yana zaune da kakinsa, ban ga ta cika yafiya ba.

Bana ne karon farko da muka buɗe fayil kan dabbobi. Wani mafarauci ya zo da ƙorafin an harbe masa kare a ƙofar gida lokacin wani samame a maƙwabta, karen kuma yana ɗaure. Wata mata mai kiwon kaji ta yi asarar 'yan tsaki da hayaƙi ya cika mata ɗaki. Wasu daga cikinku sun ce mutane na mutuwa, wa ke ta kare? Mun ji, amma mun karɓa. Dabba dukiya ce, kuma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta hukunta zaluntar dabba da kashe dabbar wani ba bisa ƙa'ida ba. Bayan haka, harsashin da aka sake a zaure saboda haushin kare bai san akwai yara a tsakar gida ba. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya mayar da bindiga matakin ƙarshe, sai rai na cikin haɗari. Lauyoyi sun ja kunnenmu a nan: ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam ba ta da wa'adi a ƙarƙashin ƙa'idojin kotu na 2009 kan irin wannan ƙara, amma ƙarar diyyar dukiya kan ma'aikacin gwamnati tana iya cin karo da wa'adin wata uku. Mai irin wannan asara kada ya zauna jiran alkawari.

Mun aika ƙorafe-ƙorafe zuwa sashen karɓar koke na rundunar, wato CRU, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda ke da ikon ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar, da kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Wasu an amsa, wasu muna jira. Akwai kuma wani DPO da ya kira mu da kansa, ya kawo ɗan sandan da ke ƙarƙashinsa gaban wanda aka mara, ya sa aka rubuta. Ya cancanci a faɗa.

Shirin rediyo ya tsaya a tsakiyar shekara saboda kuɗin fili. Kuɗin wata-wata ma sun ja baya sosai, kowa ya san halin da ake ciki.

Abin da za mu kawo gabanku ku yanke shi ne wannan. Cin shari'a daban, karɓar diyya daban. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce sai da izinin Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, don haka iyali na iya riƙe takardar nasara shekara da shekaru ba su ga sisi ba. Kwamiti na ba da shawarar a ware wani kaso na asusu don maganin waɗanda aka raunata, maimakon a zuba komai a kotu. Lauyoyi biyu a cikinmu ba su yarda ba, suna ganin hakan zai rage matsin lamba a kan hukuma. Za a ba kowane ɓangare dama ya yi bayani kafin ƙuri'a. Mai son a saka wani batu cikin ajanda ya miƙa shi a rubuce ga sakatare kafin ranar taro.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa