Rahoton Kwamitin Gyaran Sokawen Babban Gida

Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan'uwa na gida da na nesa, aikin da kuka ɗora mana mu huɗu a taron Babbar Sallah ya kammala, alhamdu lillahi. Ga yadda aka yi.

Kowa ya san halin da aka shiga. Banɗakin sashen Inna yana dawo da ruwa, wari har zaure, ƙasar bayan gida kullum a jiƙe ko da rani. Sau biyu cikin shekara guda aka kira motar kwashe sokawe, ba a rufa wata uku ba abin ya dawo. Mu ma mun ɗauka ramin ne ya yi wa gidan kaɗan. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Sai da aka fasa dakin ɗin, wato rufin kankaren da ke saman tankin sokawen, kafin a ga ciki, domin wanda ya gina shi tun farko bai bar murfin da za a buɗe a duba ba. Tankin ɗaki biyu ne. A ƙa'ida, ƙazanta mai nauyi tana kwantawa a ƙasan ɗakin farko, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ne kaɗai zai tsallaka ɗaki na biyu, daga nan ya wuce ramin da ƙasa ke tsotsewa. Namu kuwa bangon tsakiya ya zube, fayif mai siffar T da ke bakin fita ya karye. Komai sai ya riƙa wucewa kai tsaye, laka ta toshe kafofin ramin tsotsewar har ya daina shan ruwa. Ashe duk kuɗin motar da muke biya, tanki kawai ake kwashewa, inda cutar take ba a taɓa shi ba. Saiwar darbejiyar Baffa ma ta shiga mahaɗar fayif ta cika shi.

Abin da aka tsamo kuwa, da kunya a faɗa: ledar fiya wata, kunzugun jarirai, tsummokara, har da soson ƙarfe. Mun kuma ji cewa ana zuba kananzir da baƙin mai don kashe wari. Don Allah a bari. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazantar su ake kashewa.

Leburori sun so shiga ramin ran da aka buɗe shi, muka hana. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum nan take, mai shiga ceto ma ya bi shi. Sai da mota ta kwashe, aka bar shi a buɗe kwana biyu ana hura masa fanka, sannan mutum ɗaya ya sauka da igiya a ƙugu, biyu suna riƙe da ita.

An sake gina bangon tsakiya da bulo mai inci 9 cike da kankare, an yi filasta, an sa sabbin fayif masu inci 4, da fayif ɗin fitar da iska mai raga a baki saboda ƙuda da sauro. Murfi biyu ne yanzu. Ruwan kicin da na wanki an raba musu hanya.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne wurin haƙa sabon ramin tsotsewa. Kusa da rijiya ya fi arha, amma ma'aikatan lafiya suna son tazarar mita 30. Filinmu bai kai ba, mita 22 muka samu a kusurwar yamma. Saboda haka ruwan rijiyar na wanki ne da wanka. Wanda zai sha ya tafasa tukuna, musamman da damina, lokacin amai da gudawa.

Wannan ramin ne ya sa kuɗi ya haura lissafin farko, Yaya Babba ya cike giɓin, Allah Ya saka da alheri. Rasit duka suna hannun ma'aji ga mai son gani. Baffa ya ce ba za a sare darbejiya ba, sai aka datse saiwar aka kauce mata da fayif.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka, za a buɗe murfin farko a zura sanda. Idan laka ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin, a kira mota. Kada kuma a ƙara ajiye mota a kan dakin ɗin. Ragowar yashi da buhun siminti biyu suna zaure, mun bar su don gyaran magudanar ƙofar gida.