Roƙon tallafi daga kwamitin masallacinmu: asusun majinyata na wata-wata

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu, ƙannenmu, da 'yan unguwar nan da aiki ya kai Abuja ko Legas ko Kaduna amma in sun zo gida a sahunmu suke sallah, wannan saƙo ne daga kwamitin masallacin Juma'a, ni sakatare aka ce in rubuta, don Allah a daure a karanta har ƙarshe ko da ya yi tsayi.

Abin da ya tashe mu ga shi. Cikin daminar nan wata ranar Talata bayan sallar isha'i, mutane sun watse saura mu kaɗan, sai ga wani bawan Allah maƙwabcinmu ya zo ya durƙusa gaban Malam Liman, ya kasa magana sai takarda ya miƙa. Yaronsa ne ɗan shekara huɗu, zazzaɓin cizon sauro ya ci ƙarfinsa har jininsa ya yi ƙasa, likita ya ce ƙarin jini a daren, ga allurai ga gwaji, shi kuma abin da ke aljihunsa tun da rana ya ƙare a kati da kuɗin adaidaita. Muka buɗe akwatin masallaci, wallahi abin da ke ciki ko rabi bai kai ba don a satin muka biya gyaran batirin sola. Haka muka dinga bi gida gida muna ƙwanƙwasa ƙofar mutane har wajen sha biyun dare, wani ya ba da dubu biyu, wani ɗari biyar, wata baiwar Allah ta kwance bakin zaninta ta ba da kuɗin cefanen gobe, sannan ɗaya daga cikin samarinmu masu sharar masallaci ya bi mu asibiti aka ɗebi jininsa. Alhamdulillah yaron ya tashi, jiya ma na gan shi yana bin taya a layi. Amma a hanyar dawowa Malam ya ce mana wata magana da ta tsaya min a rai, ya ce yau Allah ya sa mutane na gida kuma sun buɗe, ranar da ba su buɗe ba fa?

Mu dai abin da muka saba kowa ya sani, in wani ya kwanta sai a jira Juma'a, bayan an sallame ladan ya yi sanarwa, a shimfiɗa darduma a bakin ƙofa kowa ya jefa abin da ya samu. Allah ya saka wa jama'a da alheri, ba a taɓa shimfiɗa ta an naɗe ba komai ba. To amma ciwo bai san Juma'a ba, wanda ya kwanta ranar Asabar kwana shida zai yi yana jira, kuma akwai kunya a ciki, magidanci da furfurarsa a ambaci gidansa a lasifika, da yawa sun gwammace su yi shiru su sayar da waya ko keken ɗinkin matarsu ko akuyar da ake kiwo don sallah, sai daga baya mu ji labari.

Bayan wannan daren ne muka fara zuwa dubiya asibiti duk Lahadi mu huɗu ko biyar, ba wai wajen 'yan unguwarmu kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa jinya a manyan asibitocin Kano, Murtala ne ko Malam Aminu Kano ko na yara na Hasiya Bayero ko na ƙashi da ke Dala, ya san ba mutanen birni kaɗai ke zuwa ba, daga ƙauyuka ake zuwa, daga Jigawa da Katsina, har daga Nijar. Mutum ya zo da ɗan guzirinsa yana zaton kwana uku ne sai ya yi sati uku, ba dangi a gari ba wanda ya sani. A ɗaya daga cikin ziyarar nan na ga abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Wata dattijuwa ce a tagar sayar da magani, jikarta ce a kwance, ta miƙa takarda mai magani kala huɗu aka faɗa mata kuɗi, ta yi shiru ta sake ƙirga abin da ke hannunta, sai ta ce wa ma'aikacin, ɗan nan, duba min wanne ne ya fi muhimmanci a ciki in sayi shi tukuna. Yaron ya rasa me zai ce mata don duka likita ya rubuta kuma duka ana buƙata. A baranda take kwana kan tabarma, abincinta ragowar abin da masu jinyar gadon kusa suka rage. Mun biya mata sauran ukun ranar, amma a layin nan kaɗai akwai irinta sun fi a ƙirga, kuma ma'aikatan jinya da kansu sun sha haɗa kuɗi daga aljihunsu su saya wa mara lafiya allura, mun gani da idonmu, Allah ya biya su.

Ba sai na tsaya dogon bayani kan yadda aka zo nan ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, komai ya tashi, magani kuwa ya fi komai don yawancinsa ko kayan haɗa shi daga waje ake shigowa da su da dala. A watan Agusta na shekarar kamfanin magunguna na GSK ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, masu asma da ke sayen abin shaƙar Ventolin da masu sayen Augmentin su za su ba ku labarin abin da ya biyo baya. Sannan a ƙasar nan sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, ma'ana ranar da ka kwanta ranar za ka nemo. Ga cizon sauro da Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya, ga sikila da ake haifar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara a ƙasar nan, kuma duk gidan da ke da mai sikila ya san asibiti kamar gidansu na biyu ne.

To yanzu ga roƙon, kuma mafi yawansa gare ku ne ma'aikata masu albashi, malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma da na jiha da na tarayya, na banki, na kamfani, 'yan sanda, har ku ma'aikatan asibitin. Ba don kun fi kowa kuɗi ba, mun san halin da ake ciki, mafi ƙarancin albashi a Kano dubu 71 ne tun ƙarshen 2024 kuma buhun shinkafa da kuɗin makaranta kaɗai sun isa su cinye shi kafin goma ga wata. Dalilin shi ne ku kuna da ranar da kuka san kuɗi zai shigo, kuma yawancinku kun riga kun san tsarin nan a jikinku, ma'aikacin jiha ana cire masa na KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, duk wata, na tarayya yana da NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ranar da ɗanka ya kwanta sai ka miƙa kati ka samu sauƙi. An ce dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, to amma mai shayin bakin masallaci da mai wankin hula da ɗan dako da bazawarar da ke sayar da ƙosai tana riƙe da marayu, nawa ne a cikinsu ke da katin? Su muke so mu zame wa kati.

Abin da muke nema kowa ya ɗauki alkawarin wani abu tsayayye duk wata, dubu ɗaya, dubu biyu, dubu biyar, gwargwadon ƙarfinsa, ranar da alat ya shigo ya tura kafin kuɗin ya shiga hidima. Wanda yake ganin zai manta ya je bankinsa ko ya shiga manhajar bankin a wayarsa ya saita a dinga cirewa da kansa duk wata zuwa asusun, ba wuya. Ku lissafa da kanku, mutum 200 in kowa ya ba da dubu ɗaya dubu 200 ke nan duk wata, a shekara miliyan biyu da dubu 400, kuma wallahi masu albashin da ke sallah a masallacin nan ranar Juma'a sun wuce 200. Ni a ganina dubu ɗayan da za ta zo duk wata ta fi mana amfani a kan dubu ashirin da za ta zo sau ɗaya cikin azumi sannan a yi shiru, don da ita ce za mu iya cewa ma'aikacin asibiti in ka ga wanda ya rasa ka kira mu ko ƙarfe nawa ne. Kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, Malam ya sha karanta mana.

Wanda yake ofis mai mutane da yawa don Allah ya zama wakilinmu a can, ya yi wa abokan aikinsa magana, yadda ake haɗa kuɗin biki da na suna da na ta'aziyya a ofis haka za a haɗa wannan a turo gaba ɗaya. Alhazanmu masu kamfani da masu shaguna a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, ga wata shawara, in yaranku sun haɗa wani abu ku ɗora daidai shi daga aljihun kamfani, za ku ga yadda zai ƙarfafa musu gwiwa. Masu sana'ar yau da gobe da ba su da albashi ba mu cire ku ba, akwai akwati na musamman da aka sa wa kwaɗo a ƙofar gabas, ɗari biyu ma kuɗi ce. Iyayenmu mata kuma malamar Islamiyyar matan aure ta karɓi nauyin tattara nasu, masu adashi in sun ga dama su ware hannu ɗaya na majinyata.

Na san abin da ke ran wasu, kuma suna da gaskiya, an sha ganin hoton mara lafiya a Facebook da WhatsApp da lambar asusu a ƙasa daga baya a gano ƙarya ce, mutane sun ji jiki. Shi ya sa muka tsara haka. Asusun da sunan masallaci yake ba sunan mutum ba, kuma daban yake da na gini da na wuta, ba za a taɓa shi a sayi darduma ko fanka ba. Kuɗi ba ya fita sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Ba ma ba mara lafiya ko mai jinya kuɗi a hannu, ɗan kwamiti ne zai je ya ga takardar likita ya biya a tagar magani ko ɗakin gwaji ya karɓo rasit. Juma'ar farko ta kowane wata za a liƙa lissafi a allon masallaci, abin da ya shigo da abin da ya fita, duk mai bayarwa yana da haƙƙin ya zo ya ce a nuna masa rasit, ba za mu ji haushi ba. Sannan ba hoto, ba bidiyo, ba kiran suna a lasifika, wannan Malam ya yanke kuma ba ja da baya, wanda ciwo ya kayar ba za mu ƙara masa da tonon asiri ba.

Kuɗin zai tafi ne a magani, gwaje-gwaje, hoton asibiti da likita ya rubuta, kuɗin ledar jini da tantance shi, abincin mai jinyar da ba shi da kowa a gari, da kuɗin motar komawa gida ga wanda aka sallama. Gara kuma mu faɗi gaskiya tun yanzu, akwai abin da ya fi ƙarfinmu, mai wankin ƙoda da ake yi wa sau biyu ko uku a sati ko mai cutar daji ba za mu iya ɗaukarsa gaba ɗaya ba, za mu taimaka da abin da ya sawwaƙa mu kuma raka shi wajen masu hali da ƙungiyoyin da suka fi mu ƙarfi. Kuma a bakin gado ba ma tambayar mutum unguwarsu ko ƙabilarsa ko addininsa. Mai son ba da zakka ya faɗa a rubuta ta daban, don ita tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, Malam ne zai kula da wannan ɓangaren da kansa.

Samari, ku kuma ga naku. Muna buɗe rajistar masu ba da jini, suna da rukunin jini da lambar waya, namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata uku kuma sai an gwada ka an ga ka isa kafin a ɗiba. A daren Talatar nan da na ba ku labari, jinin yaron nan mai shara shi ya fi duk kuɗin da muka tara amfani. Masu mota da masu adaidaita da za a iya tasa cikin dare su ma su rubuta suna. Dubiyar Lahadi kuma kowa na iya bin mu, duba mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin musulmi a kan ɗan uwansa, wani majinyacin sati biyu ba wanda ya ce masa sannu sai nas.

Lambar asusun tana liƙe a allon sanarwa kusa da wajen alwala, kuma ma'aji zai zauna da takardar alkawari bayan sallar Juma'a da bayan la'asar ranar Asabar, ka rubuta abin da za ka iya da ranar da za ka dinga turawa, wanda ba ya so a san shi ya rubuta bawan Allah kawai. 'Yan uwa na nesa ku sa wani na gida ya ɗauko muku lambar daga allon da kansa, kada ku tura kuɗi a wata lambar da aka turo muku da sunanmu. Muna so mu fara da albashin ƙarshen watan nan in sha Allahu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Malam Liman da kwamitin masallaci