Godiya ga garejin gyaran motocin lantarki da ya fitar da ni kunya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga maigidan wannan gareji da ke birnin Kano da dukkan yaransa, na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a, domin abin da kuka yi mini ya wuce a faɗe shi a waya a kashe.

Ni tsohon malamin firamare ne, yanzu kuma noma da ɗan kiwo nake yi a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 zirga-zirga ta fara gagarata, har babban ɗana ya haɗa mini kuɗi muka sayi motar lantarki 'yar Kwatano, ina cajinta da solar da muka kafa a gida. Mutanen gari sun yi ta ce mini na sayo wa kaina wahala, ni kuwa ina yi musu dariya duk lokacin da na wuce gidan mai.

Ranar wata Alhamis na shirya zuwa kasuwar Maigatari da sassafe, motar ta yini a caji ranar Laraba, na kuma bar wayar cajin a jikinta har gari ya waye. Na danna makunni, shiru. Allon gaban direba ya ɗan yi haske ya dushe, fitilar da ke nuna mota ta shirya tafiya ba ta kama ba, ga shi kuwa da idona na ga cajin ya cika da yamma. Kafin hantsi ƙofar gidana ta cika da masu ba da shawara. Wasu suka ce a tura ta za ta tashi, wani ya tafi nemo igiya a ja ta da tarakta, wani kuma ya rantse babban batir ne ya ƙone, wanda kuɗinsa kan kusan kai na motar kanta. Wannan maganar ce ta sa gabana ya faɗi.

Da na kira lambarku, Injiniya, abu na farko da kuka ce shi ne: "Baba, kada a tura ta, kada kuma a ja ta." Kuka bayyana mini cewa motar lantarki ba ta tashi da turi, kuma jan ta da tayoyi a ƙasa yana juya injinta ya haifar da wuta, abin da kan iya lalata kayan ciki. Kuka kuma gargaɗe ni kada kowa ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, domin wutar da ke bi ta cikinsu takan kai bolt 400, tana kisa.

Daga nan kuka bi da ni daki-daki ta kiran bidiyo, ba gaggawa ba ƙosawa, duk da yadda sabis yake yankewa a wajenmu. Kuka sa na tabbatar an zare wayar caji gaba ɗaya an rufe murfin, tunda mota ba ta yarda ta motsa muddin tana jin waya a jikinta, kuma ƙurar hunturu kan shiga ramin cajin ta hana maƙallin sakin kansa. Kuka sa na kanga makullin a jikin makunni ko ɗan batirinsa ne ya yi sanyi. Duk ba su ba ne. Sai kuka ce a kira yaron da ke haɗa mana sola ya zo da mitarsa ya auna ƙaramin batir.

A nan ne na koyi abin da ban taɓa sani ba duk tsawon zamana da motar. Ashe ban da babban batir akwai wani ƙarami mai bolt 12, irin na kowace mota, kuma shi ne ke tayar da kwamfutar motar, shi ne kuma ke kunna makunnan da ke haɗa babban batir da inji. Idan ya mutu, ko babban ya cika maƙil, tamkar rumbu ne cike da gero an ɓatar da makullinsa. Lafiyayyen batir yakan nuna kusan bolt 12.6, nawa kuwa bai kai 11 ba, ga farin gari ya taru a kawunansa. Kuka ce tsohon da motar ta zo da shi ne, zafin ƙasarmu ya ƙarasa shi, kwanan da ta yi da waya a jiki kwamfuta na farke kuma ya tsotse ɗan abin da ya rage.

Aka goge kawunan, aka jona masa wani batir na ɗan lokaci kamar yadda kuka nuna, sai ga fitilar ta kama. Masu igiya suka naɗe igiyarsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da kun ce mini babban batir ne, wallahi da na yarda, da kuma na sayar da shanu biyu ban yi musu ba. Washegari da na kawo motar Kano, yaranku suka sa sabon ƙaramin batir, suka auna na'urar da ke ciyar da shi daga babban suka tabbatar lafiyarta ƙalau, suka share ramin caji, sannan kuka karɓi kuɗin batir da ladan aiki kawai. Na nemi in biya sa'a guda da kuka ɓata a waya, kuka ce in bar shi in sha ruwa a hanya.

Roƙona guda, idan hali ya yi, ku riƙa ɗaukar yaranmu na karkara kuna koya musu wannan aiki, domin yaron solar nan tun ranar bai bar ni na huta da tambaya ba, kuma mahaifinsa ya amince in kawo muku shi bayan girbi.

Allah Ya saka da alheri, Ya yi wa sana'arku albarka, Ya jiƙan magabata.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malami daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa